Yadda muka gano itacen da awakinmu suka ci a Ngaski

Duk wanda ya taɓa tura hoton ganye a WhatsApp yana tambayar wane itace ne, ya san abin da ke biyo baya. Kowa da sunan da zai kawo, kowa kuma na iya rantsuwa a kan nasa. In don sha'awa ake tambayar, da sauƙi. Mu awaki ne ke mutuwa, ga kuma zaman lafiya da maƙwabci na neman lalacewa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta hanyar da na bi daki-daki, har da jiran da na sha da kuɗin da na kashe, ko wani zai huta da rabin wahalar.

Ni a Birnin Kebbi nake aiki. Ƙanena yana noma a ƙaramar hukumar Ngaski, kudu da Yawuri, inda daji ya fi na wajenmu duhu, itatuwan ma da yawa ba irin waɗanda muka tashi muna gani ba ne. Ya yi sassaben sabuwar gona, ya bar kututture da yawa bai tumɓuke ba, kamar yadda aka saba. Da bazara ta kama, cikin watan Afrilu, ciyawa ta ƙare ƙaf, sai kututturan nan suka yi toho kore shar. Ba a jima ba akuya biyu suka kwanta. Miyau na dalala, jiki na rawa, ga zawo, numfashi sama-sama, kafin a yi wani abu sun mutu. Ta uku da ta fara haka sai aka yanka ta. Da ya kira ni muryarsa na rawa, ya riga ya yanke cewa guba aka zuba masa, har ya ambaci wanda yake zargi, mutumin da suka taɓa samun saɓani kan iyakar gona. Matarsa ce ta ce a dakata, don ita ta ga awakin sun dage kan tohon kututture tun da safe. Babban ɗansu ya ɗauki hotuna da wayar babansa ya turo mini.

Hotunan farko na 'yan ganyayyaki ne da aka tsinko aka ɗora a tafin hannu, cikin tsakar rana, haske ya wanke launinsu. Akwai manhajoji na gane tsirrai, irin su PlantNet da iNaturalist da Google Lens, na sauke ɗaya na saka hotunan. Kowane hoto da jerin sunayen da yake fitowa da su, duk na boko, wasu ma na itatuwan wasu ƙasashe. Manhajar kanta tana nuna cewa tabbacinta kaɗan ne. Abin da na amfana da shi dai guda ne: yawancin sunayen na dangin ɗorawa da tsamiya ne, wato itatuwa masu 'ya'ya cikin kwanso. Na tura hotunan zauren 'yan garinmu, nan ma aka rabu. Wani ya ce maƙarfo ne, wani ya ce baƙin maƙarfo, wani dattijo ya rubuto kalma ɗaya, samberu, ya ƙara da cewa a ɗaure dabbobi. Wannan shawara ita na fara bi tun kafin in san gaskiyarta. A daren na ce wa ƙanena ya turke duk abin da ya rage, ya ba su harawa da dusa ko da bashi ne, kuma kada ya tunkari kowa da maganar guba.

Washegari na nufi asibitin dabbobi. Na tarar da layin masu raguna da kaji, na zauna a benci har hantsi ya ɗaga. Ba a karɓi ko kwabo ba tunda ban zo da dabba ba. Likitan ya saurare ni, ya duba hotunan, ya ce shi ba zai sa wa itace suna daga wannan ba, ba fanninsa ba ne. Amma tambayoyin da ya yi sun buɗe mini ido. Ya tambaya ko an ajiye takin yuriya inda awaki za su kai baki, ko an wanke tankin feshi kusa da inda suke shan ruwa, ko akwai gyauron dawa a kusa, don shi ma yana kashe dabba farat ɗaya. Ya tambaya ko akwai majina da gyambon baki, alamun annobar nan ta awaki da tumaki. Na kira ƙanena a gabansa, duk amsar a'a ce. Sai ya tambayi abin da aka gani a tumbin wadda aka yanka. Aka ce cike yake da ɗanyen ganye. Ya ce, “Alhaji, naman nan kada kowa ya ci, a binne shi da zurfi yadda kare ba zai tono ba. In akwai sauran abin cikin tumbin a shanya a ajiye. Sannan ka tafi wajen mutanen gandun daji.” Na fito da nauyi a zuciya, don na san yadda gidan ke kallon naman nan a irin wannan lokaci. Amma an binne.

Ofishin gandun daji shi ya fi cin lokaci, shi ne kuma inda na fi ƙaruwa. Zuwan farko ban sami wanda ake cewa ya san itatuwa ba, ya fita rangadi. Wani matashi ya karɓi lambata, ya ce in dawo. Da na koma na sami dattijon, mutum mai furfura da ya yi shekaru yana aiki a dazuzzukan kudancin jihar. Ya karɓi wayar, ya matsa hoton, ya ja shi, ya girgiza kai. Ya ce, “Ɗana, ai ba ganye aka turo maka ba. Ɗan ganye ne.” Ya fita ya karyo reshen ɗorawa a harabar ofishin ya nuna mini. Abin da muke kira ganye a irin waɗannan itatuwa yanki ne kawai. Cikakken ganyen yana farawa daga inda ya manne da reshe, wurin da ake ganin ɗan idon toho a hammatarsa. Daga nan kara ɗaya ke miƙewa. A wasu itatuwan 'yan ganyayyakin na jere kai tsaye a jikin karan nan, kamar na tsamiya da maɗaci. A wasu kuma karan sai ya sake fitar da ƙananan karare bibbiyu, su ne ke ɗauke da 'yan ganyayyakin, kamar na ɗorawa. Wanda ya tsinko ɗan ganye ɗaya ya zubar da babbar shaida.

Da wannan ya rarrabe mini sunaye ukun da aka kawo. Maƙarfo rabuwar ganyensa sau ɗaya ce, ɓawonsa kuma na ɓarewa ya bar dabbare-dabbare a jikin itacen, ba ya ɓuya. Baƙin maƙarfo da samberu su ne matsalar. Dukansu ganyensu na rabuwa sau biyu, dukansu 'yan ganyayyakin ba sa fuskantar juna, ɗaya na gaba ɗaya na baya, kuma sukan fito a daji ɗaya, a ƙasa mai yashi. Ya ce ko ma'aikata sukan ruɗe in ganye kawai suka gani, balle tohon kututture, wanda yakan fi ganyen babban itace girma da laushi. Abu biyu ke raba su. Na farko kan reshe: na baƙin maƙarfo lulluɓe yake da gashi mai launin tsatsa, mai laushi kamar karammiski, samberu ba shi da wannan. Na biyu kwanso: na baƙin maƙarfo siriri ne, ƙwaya ɗaya ce a ciki, ba ya fashewa, yakan daɗe yana reto a bisa. Na samberu ya fi tsawo da kauri, ƙwayoyinsa sun fi ɗaya, in ya bushe yana tsagewa gida biyu. Ya ɗauki takarda ya rubuta mini hotunan da yake so. Bai karɓi komai ba. Da na miƙa masa na goro ya mayar, ya ce in saya wa awakin dusa.

Samun hotunan nan bai zo da sauƙi ba. Sabis a ƙauyen sai an hau tudu, cajin waya kuma sai ranar kasuwa ko a shagon mai sola. Na tura wa yaron kati, na yi masa bayani da saƙon murya don kada rubutu ya ruɗa shi. Ya yanko reshe guda da ganyensa cikakke, ya shimfiɗa a kan farin buhu a inuwa, ya ajiye biro a gefe don a gane girma. Ya ɗauki gaban ganyen da bayansa, ya matso kusa da kan reshen, ya ɗauki kututturen da ɓawonsa, sannan ya ja baya ya ɗauki wurin gaba ɗaya. Wani abokin aikina ya koya mini a turo su a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto da aka saba ba, don WhatsApp na rage ingancin hoto, gashin nan da ake nema sai ya ɓace. Fayil ya fi cin data, ya fi jinkiri, amma da suka iso har jijiyoyin ganye ana gani.

Nan ne kuma kaina ya ƙara ɗaurewa. A wasu hotunan kan reshen jawur yake da gashin tsatsa, ga siririn kwanso mai ƙwaya ɗaya da yaron ya tsinto a ƙasa. Na ce shi ke nan, baƙin maƙarfo ne, ke nan ba itacen ba ne ya kashe su, zargin ƙanena zai dawo sabo. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Amma a wasu hotunan kan reshen ba ja ko kaɗan. Dattijon gandun daji da ya gani ya yi shiru, sannan ya tambaya ko duk daga itace ɗaya aka yanko. Na kira yaron. Ashe wasu daga kututture ya yanko, wasu kuma daga babban itacen da aka bari a tsakiyar gona don inuwa, tunda a ganinsa duk iri ɗaya ne, kwanson ma a gindin babban ya tsince shi. Dattijon ya ce yana kyautata zaton itace biyu ne a gonar, amma magana ta kai ga rai da zargi, ba zai sa hannu a kan hoto ba. A kawo reshen kansa, a kai jami'a.

Kafin reshen ya iso na bi ta kara ranar kasuwa, na nuna wa wani tsohon Bafulatani da muke sayen rago a hannunsa. Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce shi da hannu da hanci yake sanin itace, gilashi ba ya wari. Duk da haka ya nuna hoton tohon kututturen ya ce in wannan ne abin da yake zato, su ba sa barin dabba ta kusance shi da bazara, shanun da suka saba da dajin sukan kauce masa, baƙin dabbobi da masu yunwa su ke faɗawa. Na ce, “Baffa, awakin nan daga wajen Jega aka sayo su bara.” Ya kaɗa kai kawai.

Ga yadda aka shirya reshen, don a nan mutane da yawa ke asara. Ba a sa shi a leda a ɗaure, zai yi gumi ya baƙe ya ruɓe kafin ya iso. An yanko kamar kamu ɗaya da rabi daga kowane itace, guda bibbiyu, an shimfiɗa kowanne tsakanin tsofaffin jaridu, an juya wasu ganyen don bayansu ya fito, an sa kwali sama da ƙasa, an danne da buhun hatsi. Kullum ana canza takardar har ya bushe. Inda babu jarida, takardar buhun siminti da aka kakkaɓe ta wadatar. Kowane reshe da 'yar takardarsa: daga kututture ne ko daga babban itace, a ina cikin gonar, ranar da aka yanka, irin ƙasar wurin, da sunan da mutanen ƙauyen ke kiransa. Na ce a ajiye shi inda yara da dabbobi ba za su kai ba, wanda ya taɓa kuma ya wanke hannu. Ƙanena ya kai tashar Yawuri, aka ba direban da ke bin Koko da Jega, na ba direban naira 2,000 lokacin da na karɓi saƙon. Ka karɓi lambar direba da ta motar, ka kuma roƙe shi kada a ɗora kaya masu jiƙa a kai.

Sashen nazarin tsirrai na jami'o'i da dama na da ɗakin ajiyar busassun tsirrai, inda ake manna kowane reshe a faffaɗar takarda da sunansa da inda aka samo shi. Akwai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mafi girma a ƙasar nan kuma yana Ibadan, a cibiyar binciken gandun daji ta tarayya. Ni na je wadda ta fi mini sauƙi, ta hannun wani malami da na sani. Shawarata ka kira kafin ka tashi, don mai kula da ɗakin sau da yawa mutum ɗaya ne, in ya fita da ɗalibai sai ka jira. Na jira har bayan azahar. An ba ni fom na cike sunana da wurin da aka samo tsiron da dalilin kawo shi, na biya naira 3,000 aka ba ni rasit. Ɗalibai masu bincike kan magungunan gargajiya ne suka fi zuwa, don sai da lambar da ɗakin ke ba tsiro ake karɓar aikinsu, kuɗin kuma na iya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Mai kula da ɗakin bai ko kalli wayata ba da farko. Ya buɗe kwalin, ya ware rassan gida biyu tun kafin ya karanta takardun, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba kan kowane reshe da bayan 'yan ganyayyakin, ya ƙirga ƙananan kararen. Sannan ya buɗe kabad ya zaro tsofaffin takardu, wasu sun yi ruwan ƙasa don daɗewa, ya jera su kusa da nawa. Ko ni da ba fannina ba na ga yadda suka dace. Babban itacen inuwa baƙin maƙarfo ne, a boko Burkea africana. Tohon kututturen samberu ne, Erythrophleum africanum, ɗan uwan gwaska da tsofaffi ke ba da labarin ana shayar da wanda ake tuhuma a zamanin da. Ya ce dafin dangin nan zuciya yake kamawa, kuma yana cikin ganye da ɓawo duka. Don ƙarin tabbaci ya so a nemo babban samberu a kusa a ga kwansonsa. Ƙanena ya samu a bakin gonar, inda sassabe bai kai ba, ga tsagaggun kwansuna zube a gindinsa. Hoto ɗaya na wannan ya rufe maganar. Mai kula da ɗakin ya kuma nuna mini cewa haɗa sunayenmu da na boko tsohon aiki ne, tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel da ya yi aiki a Arewa ya wallafa jerin sunayen tsirrai da Hausa, har sunan hano na boko ma da sunansa aka raɗa. Amma ya ja kunnena cewa suna ɗaya na iya hawa itace biyu daga gari zuwa gari, don haka sunan gida jagora ne, reshe ke tabbatarwa. Ya riƙe kwafi ɗaya, ya rubuta mini lamba da sunayen biyu a takarda mai hatimi.

Na koma wa likitan dabbobi da takardar. Ya ce a gaskiya takardar ta tabbatar da itacen ne, ba ta tabbatar da abin da ya kashe awakin ba, wannan sai an gwada a ɗakin bincike tun gawar na sabuwa. Sai dai alamun sun dace, tumbin cike yake da ganye, kuma tun da aka turke sauran babu wadda ta sake kwantawa. Wannan ya ishe ni, ya kuma ishi ƙanena. Maƙwabcin nan har yau bai san an taɓa zarginsa ba, shi ma da aka nuna masa tohon ya sami irinsa a gonarsa.

Da za a tambaye ni abin da ya fi muhimmanci, zan ce a raba abu biyu: kare dabba da sanin suna. Na farko ba ya jiran na biyu. Da zarar an ambaci itace mai dafi cikin waɗanda ake zato, a ɗauka shi ne har sai an tabbatar da akasin haka. Manhajar waya tana da amfani wajen rage yawan zato, musamman in an ba ta cikakken ganye da fure ko kwanso, amma ban ga dalilin da mutum zai sha magani, ko ya ba dabba ganye, ko ya zargi wani, a kan abin da ta faɗa ba. Ga mai ɗaukar hoto kuma, itace ɗaya ake gamawa da shi kafin a koma wani. A fara da hoton takarda mai lamba, ko yatsa ɗaya ga itace na farko, yatsu biyu ga na biyu, don wanda ke nesa ya san inda wani ya ƙare wani ya fara. Kwanson da aka tsinta a ƙasa ma a ɗaga kai a tabbatar daga itacen da ke sama ya faɗo, iska da ruwa na kawo na wani.

Game da tsarin zuwa ofisoshi, da na san abin da na sani yanzu, tun ranar farko za a danne reshe a takarda, don bushewarsa ce ta fi cin lokaci, sai a riƙa sauran zirga-zirgar yana bushewa. Likitan dabbobi shi ne farko in dabba ta kwanta, kuma a kira shi tun ba a binne gawa ba. Ma'aikatan gandun daji da tsofaffin makiyaya su ne suka san abin da ke fitowa a yankin, jami'a kuma ita ke ba da takarda. Kututturan samberun an tone waɗanda za su tonu kafin shuka, manyan kuma ana sare tohonsu ana kwashewa nesa da turke, don busasshen ganyen ma ba a yarda dabba ta ci ba. Aikin bana bai ƙare ba, sai an sake bi da bazara mai zuwa, saboda saiwar da ta rage a ƙasa tana sake tohowa.